Ranar da Yayata Ta Ƙi Rusunawa

Shekarun baya, ina Guangzhou ta ƙasar Sin ina haɗa takalman da zan aika Kano, aka gayyaci yayata gaban majalisar jiharmu. Tana cikin waɗanda za a tantance don shiga hukumar karɓar ƙorafin jama'a a kan 'yan sanda. Tun kafin ranar gari ya ɗauka cewa ai mahaifinmu tsohon ɗan sanda ne, an kawo ta ne ta rufa wa 'yan gida asiri. Maganar nan ta ci mata rai ƙwarai.

Hantsin Najeriya yammacin Guangzhou ne. A wani shago a titin Zhanxi Lu na jingina waya da kwalin takalmi, ni da abokina ɗan Kumasi muna kallo kai tsaye, mai shagon, wanda a can ake ce wa laoban, yana leƙe ta bayanmu.

Tana tsayawa sai wani ɗan majalisa ya miƙe ya ce tunda mace ce, 'yar gidan mutunci, ta rusuna kawai ta wuce, ba sai an yi mata tambaya ba. Haka suke yi wa wanda suke son karramawa. Na ce, "Alhamdulillahi, faɗuwa ta zo daidai da zama!"

Sai ji na yi ta ce, "Na gode, ranka ya daɗe, amma ina roƙon a tambaye ni. Masu kawo mini kuka gobe suna kallo."

Wallahi tsalle na yi. "Yaya, ki rusuna mana! Wa ya aike ki?" Ina ta yi wa waya ihu kamar tana ji na. Abokina ya ce, "Massa, zauna, ka fi ta tsoro."

Aka kuwa tambaye ta, ba sassauci. Wani ya ce in an kawo ƙarar abokin mahaifinta fa? Ta ce, "Zan gaishe shi da ladabi, in sanar da hukuma na san shi, in fita wasu su saurari ƙarar." Ƙarshe dai suka amince da ita.

Don murna na rungume laoban. Bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba, sai "hao, hao" yake ta yi, wato "madalla" da yarensu.

Har yau in na tuna sai daɗi da kunya su kama ni. Da ta bi tawa, da ta samu kujerar, amma da har yanzu ana yi mata gori. Ran nan da na kira gida na ba Baba labarin ihuna, dariya ya yi har da tari, ya ce, "Ka ce ta rusuna? Shi ya sa kai muka bar ka da takalmi."