Yarinyar Wajen Inna

'Yata ta fari ba a hannuna ta tashi ba. Ranar da aka yaye ta mahaifiyata ta zo da kanta, ta goya ta, ta tafi da ita ƙauyenmu da ke bayan Aujara. Haka ake yi a gidanmu. Ɗan fari na kakanni ne. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya tambayar yadda ya kwana. Ni da matata "yarinyar wajen Inna" muke ce mata. Ita kuma da ta fara magana ta ji ƙannena suna ce mini Yaya, sai ta bi su.

Lokacin ba a daɗe da mai da Dutse babban birnin jiha ba. An kwaso mu daga Kano an zube a garin da gidajen haya ba su ishe mu ba. Ina karanta labarai a gidan rediyo, ranar Laraba kuma ina gabatar da shirin lafiya.

Wata rana likitoci biyu suka zo ofishinmu daga wani asibitin koyarwa. Bincike suke yi a kan hawan jini na jijiyoyin huhu, suna so su san su wa yake kamawa a yankinmu da abin da ke jawo shi. Babbarsu, wata mace mai magana a tsanake, ta yi mini bayani. Jijiyoyin huhu ne ke ƙuntata, zuciya ta yi ta tura jini da ƙyar har ta gaji. A manya yakan biyo bayan tsargiya ko sikila. A yara kuwa sau da yawa huji ne a zuciya tun haihuwa, jini ya riƙa kwarara cikin huhu fiye da kima har jijiyoyin su kangare. Sun zo da na'urar ɗaukar hoton zuciya, mako biyu za su yi.

"Malam, ka ja hankalin iyayen ƙananan yara," in ji ta. "Babba sai dai mu rubuta shi, mu ba shi abin da zai rage masa wahala. Yaro kuwa, in an gani da wuri, akwai abin yi."

Ni na tsara sanarwar, kuma na tsara ta da kyau. Yaron da ke haki in ya ɗan yi gudu, mai yawan ciwon ƙirji, mai gumi in yana cin abinci, wanda sa'o'insa suka fi shi girma, a kawo shi. Safe da yamma nake karanta ta. Dattijon da ke kula da na'urorinmu har ya ce, "Kai, sassauta mana haka. Ka sa ni ma na fara jin numfashina yana sama-sama."

Asabar ɗin tsakiyar makonnin biyu na je gida. Yarinyar shekararta huɗu a lokacin. Ina zaune a rumfa da kawuna muna zancen gero, yara suka taso wata akuya da ta sa baki a dusa. Ita ma ta bi su. Taku kaɗan ta yi ta tsaya, ta dafa turmi, ƙirjinta yana ɗagawa. Aikina ya koya mini ƙirga daƙiƙa ba tare da na kalli agogo ba. Da gefen ido na ƙirga numfashinta na minti ɗaya cur, ina amsa wa kawu magana. Na kuma lura 'yar ƙanwata da ta girme wa da shekara ta fi ta tsawo.

"Ƙawata raguwa!" Inna ta ce daga bakin murhu. "Tsere da akuya ma sai an ba ki hutu?"

"Ke ma ai ba ki iya ba, Inna," ta ce, tana haki tana dariya.

Da Inna ta kawo mana fura na ce, "Inna, kuna kuwa jin shirinmu a nan?"

"Muna ji mana. Muryarka ta ishe mu."

"Akwai wasu likitoci a Dutse. Suna duba yara."

"Mun ji. Allah ya ba masu ciwo lafiya."

Na ce amin. Kawu yana zaune, ƙannena suna kai da kawo. In na ce a ba ni yarinyar in kai ta, na nuna ina lissafa ta tawa ke nan, na kuma nuna ban yarda da riƙon da ake mata ba. Na bar wa ƙanwata kwalbar maganin tari na hau mota. A Dutse matata ta ce, "Ya mutanen gida?" Na ce lafiya lau. Na ga tana son ƙarin bayani, amma kunyar da ta ɗaure ni ita ta ɗaure ta. Ran Litinin na koma na ci gaba da karanta sanarwar har likitocin suka tafi.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jihar, muna ta fama da shirye-shirye na musamman, aka aiko cewa yarinyar ta faɗi a hanyar Islamiyya. Inna ta kawo ta Dutse. Hannuwanta sun sha lalle, don haka ba a ganin launin faratanta, amma kan yatsunta ya kumbura ya yi dunƙule, leɓɓanta sun yi shuɗi-shuɗi. Washegari muka wuce Kano.

Likitar nan muka tarar, ta ɗan yi furfura. Ina yin sallama ta ɗago. "Ai na san muryar nan! Mai sanarwarmu!" Sai ta ga wadda ke bayana, ta daina murmushi.

Ta daɗe tana yawo da na'urar a ƙirjin yarinyar. Da ta gama ta sa aka fita da ita, ta tambaye ni tun yaushe take haki. Na ce shekara shida, na gaya mata ranar, na gaya mata adadin numfashin da na ƙirga. Ta ce hujin yana nan, amma jijiyoyin huhun sun riga sun kangare, in aka toshe shi yanzu zuciyar ba za ta ɗauka ba.

"Da a lokacin ne fa?"

"Ban sani ba, Malam. Cikin yaran da muka gani a Dutse akwai waɗanda aka samu aka fitar waje aka yi musu aiki. Akwai waɗanda ba a samu ba."

'Yan'uwana da na ba labari duk rabin ƙarshen maganar suka riƙe, suna ba ni haƙuri da shi. Ni kuwa duka biyun na ji.

Na sa hannu aka shigar da ita cikin binciken, za a riƙa duba ta duk wata. Na fito na tarar da Inna a barandar asibiti, yarinyar ta yi barci a cinyarta. Na tsuguna na gaya mata abin da aka ce, ban rage komai ba. Ta gyara wa yarinyar hijabi.

"Ranar da ka zo kana zancen likitoci," ta ce, "na san da wa kake. Na ma wanke mata kayanta na ɗaure a ɗankwali. Jira nake ka ce. Ni in na ce ka tafi da ita, sai a ce na gaji da riƙo. Da na ga ka hau mota na ce to, shi da ya yi karatu ya ga ba komai ke nan."

Can ta ce, "To yanzu a wajen wa za ta zauna? Hanyarmu ba ta biyuwa da damina."

"A wajena, Inna."

"To," ta ce.

Shekara huɗu ta yi a gidana, sannan Allah ya yi mata rasuwa.