Dalar Kaka

Shekarar da aka yi wasannin Olamfik a ƙasar Sin ina karatu a Guangzhou, gari ya rikice da sayen tsabar kuɗin tunawa da wasannin. Ko'ina ka leƙa sai ka ga kuɗi a rufe cikin 'yar roba, da takardar shaida, ana lallaɓa su kamar ƙwai.

Ni ma ina da tawa, wata tsohuwar dalar azurfa mai huji, baƙa ƙirin. Ita kaɗai ta rage min daga Kaka, wadda ta rataya ta a wuya tun tana amarya har ta koma ga Allah. Kullum cewa take dukiya ce, mu kuwa jikoki mu yi ta dariya. Sai na ƙudurta samo takardar da za ta gaskata tsohuwar.

Kawuna, ɗan kasuwar Maraɗi da ke sauka a unguwar Sanyuanli, ya ce ya san wani dattijo mai duba tsofaffin kuɗi. Amma fa, in ji shi, ba a kai wa baƙo kaya da dauɗa, abin kunya ne. Na yarda nan take. Toka babu a garin nan, don haka muka haɗa lemun tsami da man goge baki. Muka dirje ta tas har tana ɗaukar ido, Kawu yana ta yaba aikinmu.

Dattijon ya sa madubinsa ya duba gaba da baya, ya dube mu, ya girgiza kai.

"Meiyou," in ji shi, wato babu.

Da ɗan Sinancina na fahimci sauran. Hujin ya rage mata daraja, amma da sauƙi. Baƙin nan da muka goge shi masana suke dubawa, shi ne shaidar shekarunta. Yanzu ko kuɗin aika ta awo don samo takardar shaida ba za ta fanshe ba.

Kawu ya ce mutumin bai san azurfa ba, ya ja ni cin taliya. Ni kam na kasa ci. Sai a lokacin na tuna daga ina baƙin ya zo: gumin Kaka ne, da man kaɗenta, da hayaƙin murhunta. Da hannuna na wanke shi cikin kwata, ina murna. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Da na koma ɗaki na zura mata zare na rataya a wuyana. Har yau tana nan, ta ɗan fara duhu a gefe.