Wutsiyar Kalmar Gida

Shekarar da nake aikin kula da marasa lafiya a wani mustashfa a Jidda, aka kawo wata tsohuwa da ta zame ta karye a ƙugu bayan umara. Daga duwatsun ƙasar Rasha ta zo, 'yar ƙabilar Karacai. Ba Larabci, ba kowane harshe da na sani. Ayarinsu ya koma ya bar ta.

Ba ta iya kwanciya wuri guda. Ta yaye bargo, ta kama ƙarfen gado, ta yi ta faɗin "uyge, uyge". An jima kuma "uyde", ko "uyum". Na kawo ruwa, ta ture. Na kawo sallaya, ta girgiza kai. Ni ma sai na kasa zama. Ko na koma gidanmu a Madain Fahd, ina wanke-wanke ina maimaita kalmomin nan nata, har Innata ta ce, "Ke, wane irin zikiri ne wannan?"

Ranar da ɗanta ya kira, wanda ya ɗan yi karatun Larabci, na karɓe wayar.

"Don Allah, abubuwa nawa take nema?"

Ya ce, "Ɗaya ne, 'yar'uwa. Uy, gida. Sauran duk wutsiya ce."

Ya bi da ni a hankali. Uyum, gidana, kamar dai yadda mu ma muke liƙa "na" a bayan kalma. Amma abin da muke sawa a gaba, su a baya suke rataya shi: uyge, zuwa gida, uyde, a gida, uyden, daga gida. Kalmar "ana" kuma uwa ce, anam uwata.

Daga nan na fara kiranta anam. Ita kuma ta ce min kizim, wato 'yata.

Da likita ya ce halas, za ta iya hawa jirgi, da gudu na shiga ɗakin. "Anam! Uyden!"

Ta zuba min ido, sai ta fashe da dariya har da riƙe ƙugu. Ashe cewa na yi "daga gida". Ta dafa ƙirjinta ta gyara min: "Uyume." Zuwa gidana.

Ni na tura kekenta har bakin mota. Na dawo na cire zanen gadon, na shimfiɗa sabo, domin an riga an kira ni a ɗakin gaba.