Mangwaron Baba a Gwangwanin Madara

Duk damina layinmu na Gyadi-Gyadi kogi yake komawa. Leda ta toshe kwata, ruwa ya rasa hanya sai ƙofar gidajenmu. Mu manya muna tsaki muna naɗe wando, yara kuwa sallarsu ce ta zo. Su samo tsohon silifas, su kafa masa tsinken tsire, su ɗaura leda don iska ta tura shi, shi ke nan an yi jirgin ruwa. Daga shagon mai caji zuwa bakin masallaci ake tseren.

Mahaifina ne ya mayar da abin gasa. Tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai renon tsirrai a gwangwanayen madara. Haya muke, tsakar gidanmu siminti ne. Burinsa ɗaya, ya ga bishiya ko guda ta tsaya a layin nan kafin ya mutu. Ya ce lokacin da ya tare a unguwar, a inuwa mutum yake tafiya har Tarauni.

Ran nan ya fito da kujerarsa da lema, ya shelanta kyaututtuka daga cikin tsirransa. Na ɗaya mangwaro, na biyu gwaba. Wanda jirginsa ya kife a ba shi barkono, ya samu dalilin hawaye. Na ƙarshe kuwa zogale, ko ya koyi sauri a wurinsa.

Na ce, "Haba Baba! Yaran nan alewa suke so. Wa zai yi tsere don ganye?"

Ya ce, "Kai dai riƙe min lemar."

Ashe ni ne ban san yara ba. Ihu kamar ana ƙwallo, kowa ya tafi da gwangwaninsa a rungume. Sai dai a ina za a dasa? Kowace ƙofar gida an mayar da ita shago. Akuya ta cinye gwabar. Zogalen kuwa, mai gidan haya ya tuge shi, wai saiwa za ta fasa masa gini. Wallahi ranar na zagi mutumin a zuciyata har na gaji. Baba kuwa ya koma yana huda wani gwangwanin.

Mangwaron ya faɗa hannun 'yar maƙwabciyarmu, wata malamar firamare 'yar Filato. Yarinyar ta ajiye shi a taga, duk safiya sai Baba ya tambaye ta lafiyarsa.

Da rani Baba ya rasu. Malamar ta zo ta'aziyya da 'yarta, yarinyar riƙe da mangwaron, saiwarsa har ta fasa gindin gwangwani. Malamar ta ce, "Ku yi haƙuri, mun duba ko'ina, babu ƙasa."

Na karɓa, na zaga unguwa da shi kamar mai talla. Ko'ina siminti, ko'ina kwalta. Ƙasa dai ban same ta ba sai a maƙabarta. Na tsuguna kusa da kabarin Baba na fara tono, raina ya ɗan yi sanyi. Sai ga dattijon da ke kula da wurin.

Ya ce, "Ɗana, yi haƙuri. Wurin nan makwancin mutum ɗaya ne. Mahaifinka ma da ƙyar muka samar masa."

Gaskiya ya faɗa. Na mayar da ƙasar da na tona, na ɗauko kayana na dawo gida.

Mangwaron yana nan a gwangwaninsa, inda kujerar Baba take. Ganye biyu suka rage masa. Har yau ina zuba masa ruwa, kuma na san ba zai kai damina ba.