Tukunya ta Huɗu

Shekarun baya, lokacin da soja ke riƙe da ƙasa ana tsuke bakin aljihu, takin zamani ya yi mana wuya a ƙauyenmu da ke wajen Paki. Damina ta kankama, masara ta fara rawaya, sai saƙo ya zo daga Ikara cewa akwai rabonmu, amma mu turo wakili ɗaya tak. Wanda ƙauyen maƙwabta suka tura ya dawo da sawun bulala a baya, wai ya ɗaga wa soja murya.

Duk da haka mutum uku suka fito: ƙanin mai unguwa, malamin coci, da wani tsohon direba. Kowa da jama'arsa. Aka ce a ja layi a bayansu, dattawa suka ƙi, don wanda ka ƙi tsayawa a bayansa ba zai manta ba ranar rabo.

Ana neman mafita, sai wani abokina ya nuna ni. "Ga sarkin shaƙiyanci nan. Aji biyu ya yi aka kore shi, amma kansa cike yake da dabarar banza."

Ni kuwa kaina ya kumbura. Na ce a jera tukwane a zaure, kowane ɗan takara da tasa. Ka shiga kai kaɗai, duk wanda ka yarda ya je, jefa masa ƙwayar masara, ko mutum nawa ne. Waɗanda rabin gari ya yarda da su, a kara su biyu-biyu kamar kokawa, ka jefa gyaɗa ga wanda ka fi so. Wanda ya kayar da kowa shi ne wakili.

Matata ta aiko da tukwane huɗu maimakon uku. Abokina ya ce, "Ta huɗun taka ce, gwani." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Wa zai tura ni?

Da aka juye tukwane, tawa ta fi kowace cika. Mutanen ƙanin mai unguwa sun jefa wa nasu, sun ƙara mini. 'Yan coci haka. Direba ya faɗi tun nan. Aka kara ni da malamin coci, na kayar da shi. Aka kara ni da ƙanin mai unguwa, na shiga zaure na jefa masa tawa gyaɗar ina addu'a, duk da haka na kayar da shi.

Na ce, "Jama'a, dabarar nan akwai gyara."

Mai unguwa ya ce, "Ka gyara in ka dawo."

Da safe matata ta miƙo mini riguna biyu, wai ko da bulala. Sau uku ina sauka daga keke ina zagayawa kafin Ikara. A bakin ofis na gaishe da wani saje, muryata ta maƙale, ya ɗauka raini ne. Ya sa ni tsallen kwaɗo sai da gwiwata ta yi ƙara. Sannan ya ce, "Kai wa ya zaɓe ka?"

Kalmar zaɓe a lokacin tana iya kai mutum gidan yari. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya zaɓe ni. Ba su dai ƙi ni ba ne."

Ya kalle ni sama da ƙasa. Can ya ce a ba ni takardar ɗaukar taki.

Ni na raba takin a gindin tsamiya, ba wanda ya ce an fifita masallaci ko coci. Tun daga ranar na gane mutumin da ba na farkon kowa ba, amma na biyun kowa ne, shi gari ke turawa bakin wuta. Har yau in hadari ya haɗu gwiwar nan takan tuna mini saje. Matata kuwa ta rantse kuskure ta yi wajen ƙirga tukwane. Ban taɓa yarda ba.