Salular Kawu Bukar

Duk wanda ya taɓa kiran Kawu Bukar ya san ba ya sallama. Kana tsakiyar magana, da ya gane abin da kake so, sai ya ce, "Saƙo ya iso," ya kashe. Shekara talatin ya yi a gidan waya na Damagaram tun zamanin telegaram, ya fito da imanin cewa duk maganar da ta wuce layi biyu surutu ce. Salularsa 'yar ƙarama ce mai madannai, lambobin sun goge, bayanta ɗaure da roba. Ya kai ta wurin dukawa a Birni aka ɗinka mata gida na jar fata, yana rataya ta a wuya. Baƙo sai ya zaci laya ce.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ni Allah ya ɗora wa hidimarsa, don gidana ne kusa. "Mushe" yake ce mini saboda ina koyarwa, yadda ake kiran malaman boko a nan da Faransanci, amma ba ya tuna girman nan sai in zai aike ni.

Wahalata ta fara ne daga Fanna, 'yarsa tilo. Aure ya kai ta Kwatano, shekara shida ba ta taka gida ba, kuma ba ta da buri sai ta ga fuskar ubanta. Sai ta ba wani direba babbar waya mai shafawa ya kawo masa. Ni na buɗe kwalin. Kawu ya tsaya daga nesa ya ce, "Me take yi?"

"Komai, Kawu. Hoto, labarai, karatu, har alƙibla tana nunawa."

"Alƙiblar gidan nan ta sauya ne ban sani ba?"

Na ce zai riƙa ganin Fanna in suna magana. Sai ya tambayi kwana nawa take yi in ta ci wuta. Na ce yini ɗaya, in an lallaɓa.

"Tawa kwana takwas. A garin da wutar kuran ke ɗaukewa kullum za ku kawo mini mai ci sau uku? Mayar da ita."

Wayar ta shiga akwatin ƙarfe, ƙarƙashin gado.

Daga nan kowace Juma'a Fanna sai ta kira ni. "Yaya, ya buɗe ta?" In hau babur cikin rana in je in roƙe shi, in dawo da sabon uzuri. Yau yatsansa ya bushe, gilashin ba ya jin sa. Gobe idonsa. Wata rana da na matsa, cewa ya yi, "Abin da sai an shafa shi yake motsi ai mage ce, ni kuwa ban taɓa kiwon mage ba." Na gaji da shi, na gaji da ita, na gaji da hanyar gidan.

Abin haushi, wani lokacin gaskiyarsa ce. Mun je ta'aziyya wani ƙauye bayan Gidimuni, kwana uku, ba wuta. Kafin azahar ta rana ta biyu duk manyan wayoyinmu sun mutu. Tasa kaɗai ke numfashi. Muka yi layi a gabansa, manya da mu. Ba ya ba ka a hannu. "Gaya mini tukuna," sai shi ya kira ya taƙaita. Wani ɗan'uwanmu sabon ango ya tsaya yana murza hula, ya jero gaisuwa mai tsawo ga amaryarsa. Kawu ya danna ya ce, "Mijinki yana nan. Yana cin abinci." Ya kashe. Shekara guda muna shan labarin nan a kowane suna da kowane biki.

Bara ciwo ya kama shi. Abinci ya daina zama, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Amma in Fanna ta kira ƙaramar, sai ya tashi zaune, ya gyara murya, ya ce, "Lafiya lau," kamar mai shirin zuwa gona. Ya kuma ja mini kunne.

"In ka gaya mata ban yafe ba. Tana da goyo, hanya da nisa. Ta zo ta ga me?"

Wata huɗu ina yi wa ƙanwata ƙarya. Ban taɓa jin nauyin abu kamar wannan ba. Ranar nan ta ce mini, "Yaya, gaya wa Baba in ban gan shi Juma'ar nan ba, mota zan hau." Na isar. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, sannan ya ce in jawo akwatin.

Ranar Juma'a, tsakiyar bazara, ya sa na saka masa manyan riguna uku, ɗaya kan ɗaya, don ya cika. Ya naɗa rawani, ya ja amawali ya rufe kumatu. Gumi na zuba, ni ina riƙe da wayar. Fanna ta bayyana, ta ce, "Baba, ka yi ƙiba!"

"Mushe ne ke ɗura mini fura."

Ta nuna masa jaririn. Ya kalle shi, ya ɗaga hannu ya yi masa wasa. Da aka gama ya zube a katifa yana haki yana dariya. "Ka gani? Ta yarda."

Ban kai bakin ƙofa ba wayata ta yi ƙara.

"Yaya, riga nawa kuka sa mishi?"

Na ce uku.

"Da ya ɗaga hannu agogonsa ya zame har gwiwar hannu." Sai ta fashe da kuka.

Kwana uku bayan haka ta yi sallama da goyonta a baya. Kawu ya juyo ya harare ni. "Mushe, kai ne?"

"Wallahi ba ni ba ne, Kawu. Wayar ce."

"Tun ran da ka ce komai take yi na san har da tsegumi."

Ya faɗi haka, amma ya riga ya kama hannun Fanna, kuma bai sake shi ba har la'asar. Kwana goma sha ɗaya ta samu tana ba shi kunu da hannunta, yana faɗa wai ya yi zafi, yana sha. A cinyarta ya cika.

Allah ya jiƙan Kawu Bukar, ya yafe masa taurin kai, ni kuma ya yafe mini ƙaryar wata huɗu. Allah ya sa ya huta.