Kurmin Yaya Shamsunnahar

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu na 2025, jim kaɗan bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran yayata Shamsunnahar Akand a gidanta da ke Shimulchala, bayan gajeriyar jinya ta ciwon ƙirji. Shi Ya ba mu aronta, Shi Ya karɓi abinSa, kuma hanyar da ta bi tana jiran kowannenmu. Kafin Magariba mun kwantar da ita kusa da mijinta, wanda ya riga ta tafiya da daɗewa.

Ni ne ƙaninta, Motaleb, mu biyu kaɗai iyayenmu suka haifa. Yaya, yau da ke zan yi magana, duk da na san ba za ki amsa ba.

Mutanen yankin nan sun san ki a matsayin ungozomar asibiti. Da wuya a sami gida a Shimulchala da babu wanda ya faɗo duniya a tafin hannunki. Amma lokacin da kika ajiye aiki, kika yi abin da ya sa aka daɗe ana maganarki a rumfunan shayi. Kowa ya zaci ɗakunan haya za ki gina, tunda masana'antun ɗinki sun fara cika bakin titi, ma'aikata na neman wurin kwana. Sai kika sayi wani ɗan tudu mai jar ƙasa a bayan gari, wanda tsohon mai shi ya riga ya sare dogayen itatuwan katakonsa, waɗanda muke kira gajari, ya sayar wa masu gasa bulo. Kututtura ne kawai a wurin da 'yan tsiro. Da aka tambaye ki me za ki shuka, kika ce ba komai, abin da ke ƙasa ya san hanyar fitowa.

Haka kuwa aka yi. Kowane kututture ya fitar da tsiro da yawa, kina bi da lauje kina rage su, ki bar mai ƙarfi ɗaya ko biyu. Kin kori awaki har muryarki ta dushe. Shekara ta bi shekara, tsiron ya wuce kanki, ya wuce rufin masallaci, har wurin ya zama kurmi mai duhun inuwa, ganyensa faffaɗa kamar tafin hannu biyu. Dila ya dawo yana kuka a ciki, tsuntsayen da muka manta da su tun yarinta suka dawo. Kullum da hantsi sai ki ɗauki tabarma da butar shayin citta da ƙullin muri, gasasshiyar shinkafar nan mai kama da gugguru, da kika cuɗa da man mustad da barkono, ki tafi can ki zauna. Ba karatu kike yi ba, ba saƙa ba. Zama kawai, kina kallon sama ta tsakanin rassa, wani lokaci ki yi gyangyaɗi.

Ba ki taɓa kewaye wurin ba. Idan ganye ya zuba a ƙarshen sanyi, mata sukan zo da tsintsiya da buhu su kwashe na girki, kina zaune kina tsokanarsu cewa wadda ta bar miki ganye ɗaya ita za ta dafa miki abincin rana. Dokarki ɗaya ce: kada gatari ya shigo. Ko ita ma kin taɓa sassauta ta. Shekarar da guguwar bazara ta yaye rufin gidaje, kin tarar da Jobbar mai keken ɗaukar kaya yana saran wani miƙaƙƙen itace da rana tsaka. Ya yar da gatarin. Kika tambaye shi abin da ya faru, ya ce ginshiƙin ɗakinsa ne ya karye, yara suna kwana a ruwa. Kika ja shi zuwa inda itatuwa biyu suka matse juna, kika nuna masa ɗaya.

"Wannan za ka sara, ya daɗe yana danne ɗan'uwansa. Gobe kuma in kana so, baki gare ka, ka tambaya."

Lokacin da matata Rahela ta rasu, na kulle kaina a ɗaki, ba na son ganin kowa. Ba ki zo da wa'azi ba. Kika leƙo kika ce gwiwarki ta hana ki sunkuyo, kina neman mai cire miki kurangar da ta nannaɗe ƙananan itatuwa. Na bi ki don kunya. Na yi ta cira ina kuka, ke kuma kina can gefe kin juya baya, kamar ba ki ji. Haka muka yi ta yi har damina ta wuce, na dawo ina iya cin abinci.

Yanzu ga abin da ya sa nake rubutun nan kaina a sunkuye.

Ranar da aka taru yi miki addu'a bayan rasuwarki, gida ya yi wa jama'a kaɗan, sai muka shimfiɗa tabarmi a bakin kurmin. 'Yarki ɗaya tilo, Tuli, ta iso daga Chittagong idanunta a kumbure. Liman na tsakiyar addu'a na ɗaga kai, na hango ɗana Shohag a can cikin itatuwa tare da Hashem Bepari, mai injin yanka katako na kasuwa. Hashem yana rungumar itace da hannu biyu don ya ji kaurinsa, ya ƙwanƙwasa, ya ɗaga kai ya duba tsayi, ya wuce na gaba. Shohag na biye da shi yana nuni. Busasshen ganye na ta ƙara a ƙarƙashin takalmansu, kowa na ji, kowa na yi kamar bai ji ba.

Shohag, Yaya. Wanda ya zo duniya ta ƙafa, kika yi ta fama har ya yi kuka. Wanda ranar aurensa kika sa aka kawo amarya cikin kurmin nan aka ɗauke su hoto. Ya riga ya lissafa cewa tunda ɗiya mace kaɗai kika bari, wani kaso na gadonki ni zai zo wa, kuma abin da ya zo mini kamar ya zo masa ne. Ko ƙasar kabarinki ba ta bushe ba.

Ya kamata in miƙe. Ban miƙe ba. Na zauna hannuwana a sama ina cewa amin.

Tuli ce ta tashi bayan an shafa. Na ɗauka za ta yi musu tas a gaban jama'a, kuma da ta yi, da na sami sauƙi. Sai ta zuba shayi kofi biyu, ta ɗora a faranti, ta taka har inda suke ta miƙa musu, ta yi wa Hashem godiyar zuwa gaisuwa. Ya karɓa bai iya kallonta ba. Da ta dawo ta durƙusa kusa da ni ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kawu, haƙƙinka ne, ba zan ce komai ba. Amma in za a sare, don Allah a bari sai na koma. Ba na so in ji faɗuwarsu."

Na rayu shekaru masu yawa, ban taɓa jin na ƙanƙance kamar a wannan lokaci ba.

Da jama'a suka watse na kira Shohag. Bai musa ba. Ya ce kasuwancinsa na kayan waya ya durƙushe, yaransa na girma, kuma itace ba ya ciyar da kowa. Ya ce Gwaggo ta more abinta ta tafi, masu rai fa? Ban ce ƙarya yake ba game da halin da yake ciki, na san gaskiya ne. Na ce masa kawai akwai ranar yin kowace magana, kuma ya zaɓi wadda ba za ta wanku ba.

A wannan makon na je ofishin rajistar filaye tare da Tuli da shaidu, na mallaka mata kasona kyauta, ya fita daga hannuna da na magadana. Tun ranar Shohag bai tako gidana ba, ya kuma hana jikokina zuwa. Wannan yana mini ciwo fiye da yadda zan iya faɗa, domin ɗana ne, kuma ni na tarbiyyantar da shi. Tuli ma ba ta ɓoye mini ba, ta ce tana nesa, ba ta san iya shekarun da za ta iya riƙe wurin ba. Na ce ta riƙe iya ƙarfinta, ni kuma muddin ƙafafuna na ɗaukata, za a riƙa ganin mutum a ciki.

Ya Allah, Ka gafarta wa baiwarKa Shamsunnahar, Ka yalwata mata kabarinta, Ka sanyaya shi, Ka haskaka shi. Duk jaririn da ta tarba, duk tukunyar da ta tafasa da ganyen kurminta, duk wanda ya huta a inuwarsa, Ka sanya mata a mizani. Ka sada ta da mijinta da iyayenmu a Aljanna. Ka buɗa wa Shohag ta hanyar da ba zai ji kunyarta ba, Ka kuma dawo mini da shi.

Ina miƙa ta'aziyya ga surukinta Anwarul mijin Tuli, da jikokinta, da matan Shimulchala da suka yi mata wanka suna kuka. Ke kuma Tuli, ranar nan ke kika zo kika durƙusa a gabana, alhali ni ya kamata in zo gabanki. Gaisuwar da bakina ya kasa yi miki a lokacin, ga ta yau: Allah Ya ba ki haƙurin rashin uwa, ki kuma yafe wa kawunki zaman da ya yi.